Kuɗin Marayu da Buhun Masara

A gidan da na tashi, cikin birnin Kano, yarinyar kirki ita ce wadda ba ta tambaya. Babba ya yi magana ki sunkuyar da kai ki ce to, ko kin gane ko ba ki gane ba. Ni kuwa na ƙware a wannan, har ana misali da ni a dangi. Makarantar da na yi Baba ne ya zaɓa. Kwas ɗin da na karanta a kwalejin ilimi yayana ne ya cike mini a fom. Mijin da na aura ma, duk da ina sonsa, manya ne suka riga ni ganinsa. Kuma duk zaɓin ya yi kyau, ba zan yi butulci ba. Sai dai na haura shekara 30 a duniya, da 'ya'ya uku, ina koyar da lissafi a firamare, amma ban taɓa yanke wata shawara da ta fi ta cefane da ankon biki nauyi ba.

Maigidana ɗan kasuwar Dawanau ne. Ba ya cikin manyan attajiran da tireloli ke layi a ƙofar sitonsu, amma yana da rufin asiri. Da kaka yakan bi kasuwannin Saminaka da Giwa da Dandume ya saro masara da dawa, ya zuba a siton haya, ya riƙa fitarwa a hankali. Ban taɓa tambayarsa nawa ya saya ko nawa ya sayar ba, shi ma bai taɓa faɗa mini ba. A watan Nuwamban 2022 ya kwanta gajeriyar rashin lafiya, Allah ya yi masa rasuwa.

Waɗanda ba su yi takaba ba suna ɗauka kuka ne abin da ya fi wahala. A wurina kuka sauƙi ne. Abin da ya firgita ni shi ne kaina ya daina aiki. Ni da nake koya wa yara raba dogon lissafi, sai a aiko yaro da canjin kayan miya in riƙe kuɗin a hannu in kasa gane ko daidai ne. In zuba gishiri a miya in sake zubawa. A gaya mini magana da safe, da la'asar in rantse ban ji ba. Barci kuwa sai dai ɓarawo, shi ma ya sace ni kaɗan ya sake ni tun kafin assalatu. Da jinina ya hau aka kawo wata ma'aikaciyar jinya ta unguwarmu ta duba ni, ta ce wannan mantuwar ba hauka ba ce, haka baƙin ciki da rashin barci suke yi wa mutum, kuma zai wuce.

Abin mamaki, a daidai wannan lokacin da kaina ya fi kowane lokaci rauni, a lokacin ne manyan shawarwarin rayuwata suka yi sallama gaba ɗaya. Tun kafin sadakar arba'in. Kowa ya zo gaisuwa, in ya gama addu'a sai ya gyara zama. Wannan ya ce a sayar da filin da marigayi ya bari a hanyar Janguza. Wancan ya ce in kwashe yara in koma gidanmu a sa haya a gidan. Wani ya ce yana bin marigayi bashi. Kuma kowannensu maganarsa ta gaggawa ce.

Goggona, ƙanwar Baba, ita ta tare a wurina don ta taya ni zaman takaba. Tsohuwa ce mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ba ta yi boko ba, ta binne maza biyu. Ba ta cika magana a gaban baƙi ba. In sun fita sai ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wannan da ya faɗa, in an bari sai wani mako, me zai lalace?" Tun ina jin tambayar kamar ta tsufa har na fara amsa ta da gaske. Sai na ga yawancin abin da ake kawo mini a guje, ko an bar shi wata shida babu abin da zai same shi. Gaggawar ta mai maganar ce, ba ta abin ba ce.

Guda ɗaya ne ya fita daban. A ƙasan gadon marigayi akwai jakar bakko cike da kuɗin ciniki, tsofaffin takardu. A watan Oktoba Babban Bankin Najeriya ya sanar zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, an kuma sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar da tsofaffin za su daina aiki. Da Goggo ta yi tambayarta, na ce mata wannan kam in aka bari zai zama takarda. Ta ce to wannan shi ne na yi yanzu. Wani daga cikin dangi ya ce in ba shi ya zuba a asusunsa, in an natsu a yi lissafi. Bakina har ya buɗe zai ce to. Goggo ta riga ni: "Kuɗin nan ba nata ba ne balle ta bayar. Na magada ne." Aka kira yayan mijina da yayana da limamin unguwa, aka ƙirga a gabansu, aka rubuta, kowa ya sa hannu. Liman ya ce mai takaba tana iya fita da rana don lalura, na je banki da kaina aka zuba.

Bayan haka aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu, sannan a 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har ƙarshen shekara. A tsakanin nan mun sha wuya kamar kowa: ga kuɗi a banki, ga yara suna jiran abin kari, mai POS kuma sai ya yanki rabonsa mai tsoka kafin ya ba ka 'yan canji. Wata maƙwabciya ta ce da na sani na bar jakar a ƙasan gado. Na ji haushin maganar, amma ban iya ba ta amsa ba a lokacin. Sai daga baya na gane amsar: ranar da muka kai kuɗin, babu wanda ya san kotu za ta yi wannan hukunci.

Filin kuwa dillali ya ce mai sayen zai tafi Umara, in ba a karɓi kuɗinsa a makon nan ba shi ke nan. Na ce a yi haƙuri sai an raba gado. Har bayan babbar salla mutumin yana aike.

Bashi ne ya fi ba ni kunya. Masu bin marigayi sun zo da wuri, waɗanda yake bi kuwa sai da muka bi su, wasu har yau. Kafin a raba gado dole a biya bashin mamaci, wannan ba abin wasa ba ne, ni ma ina son a sauke masa nauyi. Amma ta yaya mace mai takaba za ta dubi dattijo abokin mijinta ta ce ina shaida? Abin da na iya faɗa shi ne, "Alhaji, a ba ni lokaci in duba littafinsa." Marigayi yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta shige da fice, rabi da boko rabi da ajami. Na zauna da shi da hantsi, lokacin da kaina ya fi washewa, ina bi layi-layi. Wani bashin na same shi daidai. Wani na ga an biya rabi, da kwanan wata. Da na nuna wa mai shi ya ce wallahi ya manta, na kuma yarda da shi, don ni ma na san mantuwa a wannan shekarar.

Bayan na fita takaba, gab da azumi, aka kai maganar gado kotun shari'a. Magadan mu biyar ne: ni, da Hajiya mahaifiyarsa, da 'ya'yanmu, maza biyu da mace ɗaya. An kasa dukiyar kashi 24. Na sami 3, wato tumunin takaba, Hajiya ta sami 4, wato sudusi, sauran 17 na yara, namiji rabon mata biyu. 'Yan'uwan marigayi ba su da komai tunda ya bar ɗa namiji. An yi wa gidan kuɗi aka bar shi a kason yara don kada a sayar. Amanar dukiyar yaran kuma aka ɗora mana ni da yayan mijina, wanda nake kira Yaya, shi ma ɗan Dawanau ne.

Ina so a fahimce ni game da Yaya, don abin da zai biyo baya zai iya sa a yi masa mummunan zato. Mutumin kirki ne. Bai taɓa cin ƙwandalar yaran nan ba. Ya fi ni sanin kasuwa nesa ba kusa ba.

Da kakar 2023 ta zo, ya same ni da magana. A lokacin duniya ta riga ta canja. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi. A watan Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar aka rufe iyaka. Yaya ya ce, "Malama, kuɗin yaran nan da ke kwance a banki narkewa suke yi. Abin da za su saya yau ba za su saya ba baɗi. A kawo su gaba ɗaya in zuba a masara, zuwa bazara ki ga ikon Allah."

Maganarsa gaskiya ce, kuma ita ce ta fara koya mini cewa barin abu yadda yake shi ma shawara ce, tana da nata farashin. Na tambayi malamin Islamiyyarmu, ya ce ai an rawaito daga Sayyidina Umar cewa a juya dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta. To juyawa kam za a juya. Kalmar da ta tsaya mini a wuya ita ce "gaba ɗaya".

Na ce, "Yaya, a ba ni zuwa Juma'a."

Wannan 'yar jimlar sai da na yi ta maimaita ta ni kaɗai a ɗaki kafin in iya furta ta a gaban babba. Na lura in mai magana yana zaune a gabana, ba tunanin maganarsa nake yi ba, tunanin fuskarsa nake yi: kada ya ji haushi, kada ya ce na raina shi. Sai ya tafi sannan nake iya ganin maganar ita kaɗai. Haka kuma na hana kaina yanke komai bayan isha'i, ko ranar da na yi kuka, ko ina cikin fushi. Akwai hadisin da ya hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi. In an hana alƙali da iliminsa, ina ga ni.

Na sayi littafi mai layi irin na 'yan makaranta. Na kira wani yaron marigayi da ya san aikin sito, na ce ya lissafa mini duk abin da buhu ɗaya ke ci daga kasuwar ƙauye har ranar da za a sayar: kuɗin buhun kansa, 'yan dako wajen lodi da saukewa, mota, hayar sito, maganin ƙwari, la'adar dillali, da ramar da hatsi ke yi in ya bushe. Yaya bai ɓoye mini waɗannan ba, shi dai a bakinsa riba ce kawai ke fitowa, don ya saba da su har ba ya ganinsu. Sannan na ja layi uku. In farashi ya tashi, ga abin da za a samu. In ya tsaya inda yake, ga abin da za a rasa, don ashe ko bai faɗi ba an yi asarar kuɗin ɗawainiya. In ya faɗi da kashi ɗaya cikin uku, ko da rabi, ga inda za mu tsaya. A ƙasan layi na uku na rubuta tambayar da ta fi damuna: a wace faɗuwa ce zan cire yaran nan daga makaranta?

Da na ga amsar a rubuce, sai tsoron da ke yawo a ƙirjina ya zama lamba, lamba kuwa na san yadda ake yi da ita. Na ware kuɗin makaranta da na abinci na shekara biyu, na ce wannan ko za a ninka shi goma ba zai shiga sito ba. Kashi ɗaya cikin uku na dukiyar na yarda a sa a hatsi. Sauran, wani aka fasa ɗakin zaure aka yi shaguna biyu na haya, wani na sayi gwal na ajiye wa yaran, da rasit da shaidu. Na kuma rubuta tun kafin a sayi ko kwano ɗaya cewa in riba ta kai kaza za a sayar da rabi, ba za a jira ƙololuwa ba. A shafin ƙarshe na rubuta dalilaina, da kwanan wata, da abin da na sani da abin da nake zato kawai. Bayan duk wannan na yi istihara. Malam ya riga ya gaya mini ba mafarki ake jira ba, mutum ya yi bincikensa da shawararsa, ya roƙi zaɓin Allah, ya ci gaba.

Da Goggo ta ji yadda na raba, cewa ta yi, "In ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau." Yaya kuwa bai ji daɗi ba. Ya ce, "Malama, kasuwa ba aji ba ce." Amma ya karɓi kashi ɗayan ya saya.

Sai masara ta tashi.

Ta tashi irin tashin da tsofaffin 'yan kasuwa suka ce ba su taɓa gani ba. A farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Zuwa tsakiyar shekara hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100, buhun masara ya haura naira dubu 80. Yaya, wanda ya zuba duk abin da ya mallaka, ya ninka kuɗinsa. Ya sayi mota, ya yi wa gidansa kwaskwarima. Mu kuma mun sayar da rabi tun da wuri kamar yadda na rubuta, farashi ya ci gaba da hawa a bayanmu.

Ranar da ya zo kawo mini lissafi, a gaban Hajiya ya ce, "Malama, lissafinki ya cuci marayu." Da wasa ya faɗa, yana dariya. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ai da an bar wa maza abin da suka sani."

Ban taɓa jin magana ta dake ni kamar wannan ba, har da maganganun zaman makoki. A daren na ɗauki biro na lissafa abin da yaran za su samu da na ce to. Kuɗi ne da zai kai babban har jami'a. Na zauna da lambar nan a gabana ina jin kamar na sa hannu a aljihun 'ya'yana na zara. Barcin da ya fara dawowa ya sake gudu. Na fara gaya wa kaina cewa ni dama ba a yi ni don wannan ba, mace ce mai taurin kai da ta sami littafi da biro ta ɗauka ta fi 'yan kasuwa.

Abin da ya fitar da ni shi ne shafin nan na dalilai. Na buɗe shi ina neman inda na yi wauta, don in san abin da zan ba Yaya haƙuri a kai. Na karanta daga sama har ƙasa. Kuɗin na marayu ne, har yanzu haka ne. Ba su da wani uban da zai mayar musu in sun salwanta, har yanzu haka ne. Albashina ba zai riƙe makarantar mutum uku ba, har yanzu haka ne. Farashi yana iya hawa yana iya sauka, kuma babu wanda ya isa ya rantse, wannan ma haka ne, ko da yake ya hau. Ban sami layi ɗaya da ya zama ƙarya ba. Abin da ya faru kawai shi ne, cikin layuka ukun da na ja, na farko ne ya fito. Da ban rubuta ba, da ƙwaƙwalwata ta gaya mini cewa tun farko a fili yake masara za ta tashi, ni ce na rufe ido. Haka ƙwaƙwalwa take yi, in abu ya riga ya faru sai ta ce ai dama ta sani. Takarda ba ta canja magana.

Akwai kuma abin da lissafina bai hango ba sam. A watan Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu manyan sito-sito a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Namu bai shiga ciki ba, amma na gane akwai haɗarin da ba na farashi ba. Sannan ga unguwa. Gidajen da na san ana ɗora tukunya sau uku sun koma sau ɗaya. Yara a ajina suna barci a kan benci don ba su karya ba. A watan Agusta matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, abin ya kai ga sa dokar hana fita a Kano. Ina jin nauyin a ce ribar 'ya'yana tana ƙaruwa ne daidai gwargwadon yunwar maƙwabtana. Malamai sun yi ta bayani a kan bambancin ajiyar kaka ta al'ada da ɓoye abinci lokacin da mutane ke tsananin buƙata. Ni dai na ce wa Yaya a fitar da sauran namu, ba zan jira ya ƙara ba.

Kakar 2024 ita ce jarrabawa ta gaske. A wannan karon kowa ya zama ɗan hatsi. Malaman makarantarmu sun haɗa adashi sun sayi masara. Mata sun sayar da sarƙoƙinsu. Ma'aikata sun ci bashin banki. Yaya ya dawo, yanzu ba da zato ba, da hujja a hannu, motarsa tana ƙofar gida. Ya ce, "Bara kin ƙi, kin gani. Bana kuma me za ki ce?"

Gaskiya zuciyata ta so. Ina son in rama abin da ya wuce ni, ina kuma son Hajiya ta daina yi mini wannan kallon. Da na lura waɗannan biyun ne ke tura ni, sai na san ba masara nake tunani ba. Na sake cewa a ba ni zuwa Juma'a.

Na fara tambayar mutane, sai na ga duk wanda na tambaya yana da buhuna a sito. Mai kaya a sito ba zai ce maka farashi zai faɗi ba, ba don yana ƙarya ba, don shi ma abin da yake son ji ke nan. Sai na nemi wanda ba shi da ko tiya ɗaya. Akwai wani dattijo abokin mahaifin mijina da ya yi shekaru a harkar hatsi ya bari. Na je gaishe shi tare da yayana, na ce, "Baba, so nake ka gaya mini duk abin da zai sa wannan ciniki ya ɓaci." Ya yi murmushi ya ce ba a taɓa zuwa masa da irin wannan roƙon ba. Ya ce in duba abu uku. Bara da araha aka saya, bana tun a gona da tsada take. Tsadar bara ta sa duk mai ɗan fili ya shuka masara. Kuma tun watan Yuli gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da haraji na kwana 150 a kan shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Sannan ya ce, "In tela da malamin makaranta duk sun sayi masara sun ajiye, ranar fitarwa wa zai saya a hannun wa?"

Bai ce kada in saya ba, ni ma ban fasa ba. Zai iya yiwuwa ta sake tashi. Na tsaya a kan kashi ɗaya cikin uku, kamar bara, ban ƙara ko buhu ba. Yaya ya yi fushi na gaske a wannan karon, ya daina zuwa gidan sai dai ya aiko.

A 2025 farashi ya ƙi tashi. Aka ce a jira azumi, azumi ya wuce. Aka ce a jira damina ta yi nisa, lokacin da hatsi ya saba tsada, sai ma ya ƙara sauka. Masu kaya suka fara rige-rigen fitarwa, kowa ya fitar kuma sai ya ƙara karya farashin. Zuwa sabuwar kaka manomi yana sayar da buhun masara bai sayi buhun taki ba. Mun yi asara, mu ma. Kason da muka sa ya dawo da gibi babba, ya cinye mafi yawan ribar bara. Na ji zafinta sosai. Amma ranar da aka koma makaranta yaran nan uku sun tafi da kuɗinsu a biye, hayar shaguna tana shigowa, gwal yana inda yake.

Yaya kuwa ba nasa kaɗai ya sa ba. Ganin ribar bara, mutane sun kawo masa kuɗinsu ya juya musu, ya kuma karɓi kaya bashi. Motar ta tafi. Hawan jini ya kwantar da shi. Masu cewa ai ga shi nan, Malama ce mai gaskiya, ba na jin daɗin maganarsu, don su ne dai suka ce na cuci marayu bara. Tunanin da Yaya ya yi a 2023 shi ya yi a 2024, aka kira shi gwani a na farko, aka kira shi mai ganganci a na biyu. Ni ma abu ɗaya na yi a shekarun biyu. Mutane sakamako kawai suke gani, shi ya sa yabonsu da zarginsu duk ba su da amfani wajen gane ko ka yi tunani mai kyau.

Ba kowane abu ne littafin yake warwarewa ba. Maganar aure ta taso tun bayan takaba, har da shawarar in auri ƙanin marigayi saboda yara. Na ja layuka, na rubuta dalilai, na rufe littafin na ga zuciyata ba ta karanta ba. Wannan na ce a'a, ba tare da na iya kawo hujjar da za ta gamsar da kowa ba. Na dai tabbatar ba a cikin fushi ko kuka na faɗa ba.

Kwanan baya Yaya ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure ya rame, ga takardu a gabansa. Ya ce, "Malama, zo ki ja mini layukan nan naki." Masu binsa sun yi yawa, abin da ya rage a hannunsa ba zai biya kowa lokaci ɗaya ba, kuma duk wanda ya fi ɗaga murya shi yake fara ba wa. Muka rubuta sunan kowa da abin da yake bi. A gaban kowane suna na tambaye shi, in wannan ya jira wata uku, me zai same shi? Wata bazawara da ta kawo masa kuɗin sadakin 'yarta, wadda ko sau ɗaya ba ta zo ƙofarsa ba saboda kunya, ita ta hau layin farko. Wani manomin Giwa da ke jiran kuɗinsa ya yi noman rani ya biyo ta. Alhajin da ke zuwa kullum da safe yana tara masa jama'a, wanda yake da shaguna a Kwari, shi muka sa a na shida, Yaya kuma ya ce shi zai je da kansa ya gaya masa.